Garmasis ɗin da na ɗauka gyale ne

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da na ratsa Khartum har ƙarshen Umdurman yafe da mayafin amare ba, ina murmushi ina amsa gaisuwa kamar matar gwamna, alhali ko saurayi ba ni da shi. Yau dariya nake yi in na tuna. Ran nan kuwa, da ƙasa ta yi mini alfarma ta tsage, ko takalmi ba zan tsaya cirewa ba.

Bari in faro daga tushe. Shekarata ta farko ke nan a Sudan, na zo daga Zariya karatun haɗa magunguna. Ina zaune a ɗakin kwanan ɗalibai mata a Khartum, mu huɗu: ni, da wata 'yar Somaliya, da 'yan Indunusiya biyu. Wato duk cikinmu babu 'yar gari (ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba). Kowace Juma'a kuma nakan tafi Dar Salam, can ƙarshen Umdurman, wurin danginmu. Wan kakan babana ne ya tashi a ƙasa zuwa Makka tun zamanin da, ya yi zango a nan don ya huta, hutun ya zama gida da 'ya'ya da jikoki. 'Yarsa ce babbar gidan, tsohuwa siririya mai kaifin ido da kaifin baki, kowa na ce mata Habboba, wato Kaka. Hausarta irin ta mutanen da ce, an barbaɗa mata Larabci kamar yaji a tsire. Ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, amma in tana ba da labarinta sai ka rantse jiya ta dawo.

Cuta biyu suka dame ni a Sudan. Ta farko littattafan soyayya. Rabin jakata su ne, na cusa su ƙarƙashin atamfofi don kada Baba ya gani. Na karanta su har na haddace yadda duniya ya kamata ta tafi: yarinya ta shigo wurin biki, kiɗa ya tsaya, wani dogo mai saje ya ɗago kai, numfashinsa ya ɗauke. Cuta ta biyu kuwa a nan na kamu da ita, sayen kaya a waya. Wata ce ta saka ni a zauren mata 'yan kasuwa, inda ake zuba hotunan abayoyi da takalma da mayafai tun safe har yamma. Ka ga abu, ka ce kana so, ka tura kuɗi ta waya, mai babur ya kawo maka har ƙofa. Ba ciniki, ba rana, ba tsohuwar da za ta ce maka wannan yadin ba ya jure wanki.

A kan gada na fi yin ɓarna. (Wannan duk kafin yaƙi ne, lokacin da babban abin kukan mutanen Khartum shi ne cunkoson gada.) Mota ta tsaya cak a saman Nilu, zafi na dukan mutum, ba gaba ba baya, sai in ciro waya don in rage lokaci. Kafin mu sauka Umdurman na zama mai sabon takalmi. Ta haka na sayi wani mai tsini da ya zo daidai ƙafar 'yar tsana. Ta haka na sayi riga mai duwatsu wadda ta riƙa zubar da su ɗaya bayan ɗaya a ɗakin lacca, har ana iya bin sawuna zuwa kujerata. Akwai kuma wata abaya da aka rubuta cewa ruwan zuma ce, ta iso ruwan kunun kanwa.

Baba kuwa kuɗin da yake turo mini awo ne irin na maganin asibiti, ba daɗi ba ragi. Saboda haka duk abin da na yafa a jiki, daga cikina aka cire shi. Kafin wata ya raba nakan koma cin bosh, abincin ɗalibin da ya ƙare: gutsattsarin burodi a jiƙa da ruwan dafaffen wake, a ɗiga mai a kai don kada ya ji kunya. In ci in sha ruwa in yi alkawari na daina. Alkawarin yakan kai ni har bakin gada.

Ana cikin haka aka sa bikin Ihsan, jikar Habboba, sa'ata kuma ƙawata a gidan. Angon Balarabe ne daga Bahri, danginsa mutane ne masu riƙon al'ada, masu sa ido a kan komai. Ranar da suka kawo kayan aure ina tsaye a bakin ƙofa, sai ga wani dogo da buhun sukari a kafaɗa. Ya dube ni ya ce da Hausa, "Gafara dai, 'yar uwa." Shi ke nan abin da ya faɗa. Na matsa ya wuce. Amma ni a kan waɗannan kalmomi huɗu na gina babi goma sha biyu, har da sunayen 'ya'ya. Na binciki Ihsan cikin dabara (dabarar da ta gane tun tambayar farko), ta ce sunansa Muntasir, babban abokin ango ne, Bahaushe ne ta wajen uwa, yana gyaran janareta a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu. Saje ma yana da shi. Me kuma ya rage?

Abin da ya rage shi ne ya gan ni. Gani na sosai, ba irin na mai buhu a kafaɗa yana neman hanya ba. Na ƙudura a raina cewa ranar jirtik ce ranata. Jirtik shi ne bikin ƙarshe a wurinsu, inda ake zaunar da ango da amarya a kan gadon katako mai jar shimfiɗa, tsofaffi su ɗaura musu jan zare a hannu, su yi musu addu'a, sannan kowannensu ya guntsi madara ya fesa wa ɗan uwansa. Ban taɓa gani ba. Ihsan ta ba ni labari, amma ni maganar madarar kawai na riƙe, don ita ce ta yi kama da abin littafi.

Kwana huɗu kafin ranar, a kan gada, na ga hoton. Wani mayafi ne na siliki mai ƙyalli, an ja masa zane ja da ruwan zinariya da kore da shuɗi, kamar an narka bakan gizo an zuba a kan yadi. A ƙarƙashi an rubuta sunansa, garmasis, sannan aka ƙara da kalmomin da suka fi kowace kalma cin kuɗina a duniya: saura ɗaya. Ban tambayi kowa ba. Na ce ina so. Mai kayan ta tambaye ni yaushe ne bikin, na ce Juma'a. Sai ta turo mini saƙon murya mai tsawo, ta fara da guɗa, ta bi da addu'o'i, har da fatan zuriya ɗayyiba. Na ce a raina, kai, 'yan kasuwar Sudan sun iya riƙe abokin ciniki. Na tura mata abincin sauran watan gaba ɗaya, na haɗa da kuɗin wani littafin darasi da malami ya ce dole mu saya.

Da aka kawo shi na yafa a ɗaki, abokan zamana suka kewaye ni suna yabo. 'Yar Somaliya ta ce na fito kamar sarauniya. 'Yan Indunusiya suka ɗauke ni hoto. Makafi huɗu ne suka taru suna yaba wa juna gani.

Ihsan ta so in zo tun Alhamis in kwana a gida. Na ce ina da karatu. Ƙarya nake yi. A littafi tauraruwa ba ta zuwa da wuri, sai wuri ya cika take shigowa. Da na je tun Alhamis da wani ya ga abin a jakata ya ja mini kunne, amma na zaɓi in bi littafi.

Ranar Juma'a bayan azahar na saka abayar nan mai ruwan kunun kanwa (ai mayafin zai rufe ta), na yafa garmasis tun daga ka har gwiwa, na fito. Matar da ke gadin ƙofarmu, wadda ba ta taɓa yi mini murmushi ba, ta miƙe tsaye ta ce mabruk, wato barka. Na ce Allah ya yi albarka. A cikin bas kwandasta ya tada wani magidanci ya ba ni kujerarsa. Tsohuwar da ke gefena ta kama hannuna tana ta magana da sauri cikin Larabcin gari, wanda a lokacin nake tsintar kalma ɗaya cikin biyar. Na ji kamar ta ambaci iska, na ji arba'in, na ji ta tambayi ina uwata da ta bar ni na fito. Duk abin da ta ce sai in ce alhamdu lillahi. Ta girgiza kai ta gyara mini mayafin a kan cikina. Daga kasuwa na hau raksha, wato keke mai ƙafa uku, mai tuƙin ya kama danna hon da salon kiɗa tun daga bakin titi har cikin unguwa, yara na ɗaga mana hannu. Ni kuwa ina zaune a baya ina cewa, ashe dai marubutan nan gaskiya suke faɗa. Ashe kyau in ya kai kyau gari ne ke sheda.

A ƙofar gida an kafa rumfar maza. Muntasir yana nan cikin farar jallabiya, yana jera kujeru. Na sauko a hankali. Ya ɗago kai. Wallahi kamar yadda aka rubuta, ya tsaya cak da kujera a hannu. Zuciyata ta ce, babi na ɗaya. Ya ajiye kujerar, ya matso, ya sunkuyar da ido ƙasa irin yadda ake yi wa matar mutane, ya ce:

"Mabruk, 'yar uwa. Ban samu labari ba. Aure ne ko haihuwa?"

Na yi 'yar dariya mai aji, don na ɗauka barkwanci ne. Shi bai yi dariya ba. Ya ce ko wanne ne Allah ya sanya alheri, ya gaishe da maigidan, ya koma kan kujerunsa.

Na shiga gida kaina na juyawa. Tsakar gida cike da mata, turaren wuta na tashi, ana kiɗa ana waƙa. Ina sa ƙafa kiɗan ya tsaya (wannan ma kamar yadda aka rubuta). Wata ta fara guɗa, guɗar ta maƙale mata a tsakiya. Na dubi gaba. Ga gado mai jar shimfiɗa, ga Ihsan a zaune cikin jajayen kaya da zinariya, ango bai shigo ba tukuna. A kafaɗarta kuwa ga abokin nawa mayafin, zane ɗaya, launi ɗaya, sai dai nata ya tsufa ya koɗe, nawa kuma yana walƙiya kamar yana neman faɗa.

A nan komai ya dawo mini a jere: guɗar mai kaya, mabruk ɗin mai gadi, arba'in ɗin tsohuwa, hon ɗin raksha. 'Yan mata suka cusa baki cikin mayafi, kafaɗunsu na rawa. Mahaifiyar Ihsan ta dafe ƙirji. Uwar ango, wata ƙasaitacciyar mace da ke zaune a kujerar gaba, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya ta tambaya da Larabci, a natse, wai amare nawa ne a gidan nan, don su dai ɗaya suka zo ɗauka. Wannan kam na ji shi tsaf, ba kalmar da ta ɓace mini. Ba kaina kaɗai na kunyata ba. Na shigo bikin 'yar uwata a gaban surukanta cikin kayan da ita kaɗai ke da ikon sawa, kamar na zo gasa. Shi kuma wanda na yi abin dominsa yana waje yana yi wa mijina fatan alheri.

Sai Habboba ta dogara sandarta ta miƙe. Ba ta ko kalle ni ba. Ta fuskanci uwar ango ta ce mata, cikin Larabcinta mai daɗi, ai jira ake yi in iso. Wai a ƙasarsu ta asali ba a kawo wa amarya sabon garmasis a cikin leda kamar kayan miya. 'Yar uwarta budurwa ce ke yafo shi tun daga inda ta taso, ta ratsa gari da shi, duk wanda ya ce mabruk a hanya albarkar ta maƙale a jikin yadin, sannan a sauke wa amarya. Wai shi ya sa aka ɗauko ni takanas daga Najeriya. (Matar da ko iyakar Chadi ba ta taɓa gani ba.) Daga nan ta juyo ta ce mini da Hausa, ƙasa-ƙasa, fuskarta ɗauke da murmushi:

"Tako a hankali, jikalle, kamar kin san abin da kike yi. In kika yi kuka sai na karya miki ƙafa."

Na tako. Na durƙusa gaban gadon, na zare mayafin, Habboba ta kama gefe ɗaya na kama ɗaya, muka lulluɓa wa Ihsan a kan tsohon. Ihsan ta matse hannuna, jikinta na karkarwa saboda dariyar da take dannewa. Guɗar da ta maƙale ɗazu ta ƙarasa fitowa, sauran mata suka ɗauka, kiɗa ya dawo. Uwar ango ta gyaɗa kai ta ce lallai Hausawa mutane ne masu asali, ta jawo ni ta shafa mini turare a wuya. Na ƙarasa bikin a bayan taro cikin abayar kunun kanwa, ko fesa madarar ban gani da kyau ba.

Bayan magariba Habboba ta kira ni ɗakinta. Ta ce mutum uku ne ke yafa garmasis a garin nan: amarya ranar jirtik, da maijego, da yaron da aka yi wa kaciya. Ta ce in faɗa mata wace ce ni a ciki don ta san irin gudummawar da za ta kawo. Na sunkuyar da kai na faɗa mata komai, har gadar, har bosh. Muntasir kaɗai na ɓoye, ta ce wannan ai tun ranar buhun sukari ta sani.

"Da furfurata kika sa na ƙirƙiro wa kakannina al'ada," ta ce. "Ni zan nemi gafarar Allah, ke kuma za ki biya ni."

Biyan shi ne: daga ranar, duk abin da na gani a waya raina ya biya, ba zan ce ina so ba sai na kawo mata hoton ranar Juma'a ta gani da idonta. In ta ce to, in saya. Na ce in ya ƙare fa kafin Juma'a? Ta ce abin da ba zai iya jiran Juma'a ba, ba rabona ba ne.

Makon farko na sha wuya. Motarmu ta tsaya a kan gada, ga wata jaka ruwan toka, ga saura ɗaya a ƙarƙashinta. Na adana hoton, na kife wayar a cinya, na kalli kogi. Watanni ina bi ta kansa, ran nan ne na fara lura da masu jefa taru a bakin ruwa. Da Juma'a ta zo na nuna wa Habboba jakar, ta nisanta wayar daga idonta ta ce wannan ai zabirar wanzami ce. Wata riga ta ce labulen motar haya. Wani takalmi ta tambaya ko na hawa dabino ne. Tun ina jin haushi har na koma tara hotuna don kawai in ji me za ta ce. Abin mamaki, yawancinsu kafin Juma'ar ta zo ni da kaina na manta dalilin da ya sa na so su. Jakar nan kuwa na sake leƙa ta bayan mako uku, tana nan daram, har lokacin saura ɗaya.

A shekara guda abu biyu Habboba ta amince na saya, farar rigar ɗakin gwaji da takalmi shimfiɗaɗɗe mai jure tafiya. Na sayi littafin malam. Na koma cin abinci irin na mutane, har kumatu na yi. Bosh ya zama abin marmari da nake ci don ra'ayi.

Al'adar Habboba kuma ba ta mutu ba. Bikin da ya biyo baya a layinsu, uwar amarya ta aiko a tambaya ko 'yar Najeriya za ta samu zuwa ta yafo musu garmasis, don kada a ce 'yarsu ba ta da gata. Na je. Na sake zuwa wani. Habboba na zaune tana gyara wa mutane yadda ake yi tun kaka da kakanni, tana istigfari a ƙarƙashin numfashi.

Mutum ɗaya ne bai yarda da ita ba. Wata Juma'a Muntasir ya zo duba injin ruwan gidan, na kai masa shayi. Ya karɓa ya ce ya tambayi mahaifiyarsa, ya tambayi yayyenta, har wani tsoho ɗan asalin Sakkwato ya tambaya a masallaci, babu wanda ya taɓa jin wannan al'adar. Ko ta Zariya ce kaɗai? Na duba cikin duk littattafan da na haddace ban sami amsar da ta dace ba, sai na faɗa masa gaskiya. Da na kai wurin tsohuwar cikin bas sai da ya ajiye kofin ya zauna a ƙasa. A littafi kyau ne ke kayar da namiji. Nawa dariya ce ta kayar da shi, kuma da ya tashi bai yi nisa ba. Injin ruwan nan ya riƙa lalacewa duk Juma'a har na gama karatu.

Ranar namu jirtik ɗin ni da Muntasir, garmasis ɗin nan dai aka lulluɓa mini. Aro na yi wurin Ihsan, abin da na saya da yunwar rabin wata, har tana ja mini kunne kada in ɓata mata shi da madara. Ƙanwarta ce ta yafo shi tun daga bakin titi, bisa al'ada.

Yanzu yaƙi ya raba mu gari da Habboba, amma dokarta na nan. Ran Juma'a nakan tura mata hoto, ta sa jika ta riƙe mata waya ta aiko mini da hukunci. Abin da na koya bai da yawa: in ka ga abu ya yi kyau har ka rasa dalilin da ya sa 'yan gari ba sa yawo da shi, to akwai dalilin, nemi tsohuwa ka tambaya. In kuma baƙi suka fara ce maka mabruk a cikin mota alhali ba ka san abin da ka yi ba, kada ka ce alhamdu lillahi. Sauka a tasha ta gaba.